Maigidana zai shiga gasar demo a Jamus, yana so in raka shi

Assalamu alaikum Anti. Shekararmu uku da aure, muna zaune a Jamus inda maigidana yake aikin rubuta manhajar kwamfuta. Tun watan Nuwamba, in ya dawo aiki ya ci abinci sai ya koma gaban kwamfuta har ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, wai shi da wani abokinsa mai haɗa kiɗa suna shirya abin da ake kira intiro mai kilobayit 4. Zai kai shi gasa a taron Revision lokacin hutun Ista, ya kuma roƙe ni in bi shi. Na kalli bidiyon taron: duhu, ƙara, maza cike da zaure, ga kwalaben giya a kan tebura, ban kuma gane abin da suke tafa wa ba. Ina so in faranta masa, amma akwai haushin watannin nan a raina, ina kuma tsoron ya bar ni a kujera ni kaɗai har kwana huɗu. In na ƙi zuwa zai ji ciwo, don ya ce ba a taɓa nuna aikinsa a babban allo ba. In kuma bai ci ba, ban san abin da zan ce masa ba. Me kike gani?

'Yar'uwarki, daga Jamus

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abu biyu kika ɗaure a ƙulli ɗaya: haushin dararen da kika kwanta ke kaɗai, da tambayar ko za ki je Saarbrücken, garin da ake taron. Muddin suna ɗaure tare, duk abin da kika zaɓa hukunci zai zama a kansa. In kin je, zama za ki yi kina lissafin sau nawa ya waiwayo ki. In kin ƙi, zai san ramuwa ce ko ba ki furta ba. A ganina ki je, amma da tsarinki a hannunki, maganar dararen kuma a sa mata ranarta daban.

Bari in fara da abin da ake tafa wa, tunda shi ya ɗaure miki kai. Wannan harka da ake kira demosin ta taso ne a shekarun 1980, galibi a Turai, lokacin da samari ke fasa kariyar wasannin kwamfutoci irin Commodore 64 da Amiga, su liƙa ɗan rubutu mai motsi da kiɗa a farkon wasan don a san aikinsu ne. A hankali ɗan liƙin ya fi wasan ɗaukar hankalinsu, gasa ta koma ta wa zai sa na'ura ta yi abin da ba a zaci za ta iya ba. Taron Assembly na ƙasar Finland ya faro a 1992. Revision da maigidanki zai je ya faro a 2011, ya gaji taron Breakpoint da aka yi ta yi a garin Bingen daga 2003 zuwa 2010, ana kuma yinsa a wani tsohon ginin masana'anta mai suna E-Werk, daga Juma'ar Ista zuwa Litinin. Finland ta sa harkar a jerin al'adunta na gado a 2020, Jamus ta bi sahu a 2021. Ba shi kaɗai ya ƙirƙiro wa kansa wahala ba ke nan.

Demo, wato abin da masu wannan harka suke haɗawa, ba bidiyo ba ne da aka ɗauka aka ajiye. Manhaja ce da ke zana kowane hoto da lissafi a daidai lokacin da kike kallo. Shi kuwa intiro mai kilobayit 4 ƙaramin demo ne, duka fayil ɗin bai isa ya wuce bayit 4096 ba, ko da ɗaya. Bayit ɗaya kusan harafi ɗaya ne, don haka wannan amsar da kike karantawa ta ninka fayil ɗinsa kusan sau uku. A wannan ɗan wuri zai cusa hoto mai motsi na 'yan mintoci, da kiɗan abokinsa, da 'yar manhajar da za ta kaɗa kiɗan. Babu wurin ajiye hoto ko guda, duk dutse ko gajimaren da kika gani a allo lissafi ne ya haife shi. Ki nemi wani intiro mai suna Elevated da ya ci gasa a Breakpoint a 2009, ki kalli tsaunukan cikinsa kina tuna girman fayil ɗin, za ki gane dalilin tafin. Masu wannan aiki suna matse fayil da wata manhaja mai suna Crinkler, kiɗan kuma da yawansu da 4klang suke haɗa shi, mutum kuma yana iya raba dare yana juya layi biyu don ya rage bayit goma. Nan dararenki suka tafi.

Sai dai wuyar aiki ba ta biyan haƙƙin iyali. Wata biyar mutum yana ba kwamfuta darensa, matarsa a ƙasar da ba danginta kusa, dole ta ji a ranta, kuma kina da gaskiya. Abin da nake so ki lura da shi lokacin maganar ne. A makonnin ƙarshe kafin wa'adin miƙa aiki kunnensa ba ya tare da shi, duk abin da kika faɗa zai ji shi a matsayin "ki bar ni in gama". A zauren taro kuma ba wurin da za ku ji juna. Abin da za ki yi yanzu jimla ɗaya ce, a lokacin da ya natsu: za ki bi shi da zuciya ɗaya, amma kina da magana a kan watannin nan, za ku yi ta bayan kun dawo. Wannan jimla tana hana shi ɗaukar rakiyarki a matsayin komai ya wuce, ke kuma tana sauke miki nauyin riƙe abu a ciki kina murmushin dole.

Ki duba nasa ɓangaren ma. Da yawa daga masu zuwa irin wannan taro su kaɗai suke zuwa, su koma gida su yi ta ƙoƙarin bayyana abin da ba ya bayyanuwa da baki. Wanda ya ce ki zo ki gani, yana so ne abin da ya raba ku wata biyar ya zama kin shaida shi da idonki. Kuma yana jin tsoro, ko bai faɗa ba. Karon farko ne ɗaruruwan mutanen da suka san sirrin sana'ar za su kalli aikinsa, cikinsu har da waɗanda ya daɗe yana koyo daga ayyukansu.

To ga abin da ƙarshen makon zai kasance a wurinsa, don kada ki ɗauki shirunsa wulaƙanci. Kowace gasa tana da wa'adin miƙa aiki, kuma kafin wannan sa'a ta cika maigidanki ba naki ba ne. Abubuwan da ke lalacewa sanannu ne. Ana kunna aikin ne a kwamfutar masu shirya taro, wadda ake sanar da kayan cikinta tun kafin a zo, kuma intiron da ke gudu lafiya a katin hoto (ɓangaren kwamfuta mai zana abin da ke fitowa a allo) na Nvidia yana iya nuna baƙin allo a na AMD, ko akasin haka, domin kowane kamfani da yadda manhajar da ke sarrafa katinsa ke fassara umarnin zane. Gyaran ƙarshe yana iya tura fayil ya haura 4096 da bayit biyar, a koma neman abin yankewa. Crinkler, in aka sa ta matsa iya matsawa, tana cin lokaci, wanda ya bar ta sai saura minti goma ya jawo wa kansa. Manhajar tsaro kuma takan ɗauki irin waɗannan matsattsun fayiloli a matsayin cuta ta goge su. Akwai ƙananan ƙa'idoji da ke cire mutum daga gasa: aikin ya zama ba a taɓa sakinsa ba, ya rufu in an danna maɓallin fita, kada ya wuce lokacin da aka ƙayyade. Taimakon da za ki iya yi masa a nan ba ya buƙatar ki san lissafi. Ki tambaye shi tun a gida ko ya karanta dokokin bana, ko ya gwada aikin a kwamfuta mai kati irin na gasar, ko yana da kwafi a filasha banda na cikin laftof. Ki ce ya miƙa abin da ke aiki da zarar an buɗe karɓa, tunda akan bar mutum ya sabunta kafin wa'adi ya cika. Wanda ya riga ya miƙa wani abu yana iya ɗaga kai ya ci abinci da matarsa.

Kafin ku sayi tikiti ku buɗe jadawalin taron tare, ku yi yarjejeniya da sa'o'i, ba da "zan kula da ke" ba, don wannan alkawari ba ya rayuwa a zaure mai duhu. Ku ware abinci ɗaya a kowace rana da za ku ci tare a wajen zauren. Ku amince cewa daga safe zuwa wa'adinsa ba za ki neme shi ba sai da dalili, shi kuma daga wa'adi zuwa lokacin gasa yana gefenki. Ki ce ya haɗa ki da abokinsa mai kiɗan da mutum biyu ko uku tun a daren farko. Kada ki yi mamaki in kin ji ana kiran kowa da laƙabi, har maigidanki, don a harkar da sunan aro aka san mutane. Tambayar da ke buɗe bakin kowa a wurin ita ce "me ka kawo bana?", kuma "na rako mai intiro ne" amsa ce da ake marhabin da ita.

Batun masauki kada ki yi sassauci a kansa. Mutane da yawa suna kwana a wurin taron cikin jakar barci, amma wannan na wanda ya saba ne. Ku kama ɗakin otal da wuri, don hutun Ista ne, ku kuma tabbatar da yadda za ki koma can da tsakar dare: motar da masu taro suka tanada in akwai a bana, ko tasi, kuɗinta a jakarki ba a aljihunsa ba. Mabuɗi biyu, ɗaya naki. Ɗakin nan shi ne wurin sallarki da hutunki, shi ne kuma zai sa ki zauna a zaure don kina so, ba don ba ki da wurin zuwa ba. Kin san Jamus: Juma'ar Ista da Lahadi da Litinin shaguna a rufe suke, Asabar kaɗai ta rage, don haka ruwa da 'ya'yan itace da abin da kika yarda da cinsa ku saye su ranar Alhamis ko Asabar. Ki tafi da abin toshe kunne na soso, nau'i biyu ko uku, domin lasifikan gasa suna girgiza ƙirji. Ki murza shi ya sirance, ki ja kunnen sama da ɗayan hannun, ki tura ki riƙe har ya kumbura. Wanda aka ɗora a bakin kunne kawai ba ya tare komai. Ki ɗauki rigar sanyi, don tsohon gini ne babba kuma daren Ista a can da sauran sanyinsa. In kina da farfaɗiya ko ciwon ɓarin kai da walƙiyar haske ke tayarwa, ki tuntuɓi likita kafin tafiya, domin demo da yawa suna ƙyafta haske da sauri.

Giya tana nan, ba zan ɓoye miki ba, kuma tana ƙaruwa ne in dare ya yi nisa. Ba mai tilasta wa kowa, masu shan lemo da shayi ma suna da yawa. Maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma akwai mata, cikin masu zane da masu kiɗa da masu shirya taron kansa. Da kun shiga ki gane inda teburin masu shirya taro yake. In wani ya matsa miki ko ya ɗauki hotonki ba da izini ba, can za ki kai ƙara kai tsaye, ba sai kin jira maigidanki ba. Da rana zauren ya fi sauƙi, akwai laccoci, akwai gasar zane da ta hoto da ta kiɗa waɗanda ba sa buƙatar sanin kwamfuta kafin a ji daɗinsu. Akwai kuma wadda ake kira Shader Showdown, inda mutum biyu ke hawa dandamali su rubuta zane kai tsaye cikin minti 25 kowa yana ganin abin da suke bugawa. Wannan na fi so baƙo ya fara da ita, don a nan ake ganin yadda layin rubutu ke rikiɗewa ya zama hoto. Sauran lokacin, garin yana bakin iyakar Faransa, ki fita ki sha iska ba tare da jin kin yi laifi ba.

Manyan gasanni da dare ake yinsu, kuma jinkirin sa'a guda ba abin mamaki ba ne, don haka ki yi barcin rana. Ku nemi kujera da wuri, a tsakiya, nesa da lasifika. Kafin kowane aiki allo zai nuna lambarsa da sunansa da na masu shi, sai a kashe fitila. In baƙin allo ya ɗan daɗe a farkon nasa kada gabanki ya faɗi, sau da yawa kiɗan ake lissafawa kafin a fara. Wani abu da zai sani ke ba ki sani ba: masu shirya gasa sukan ajiye ayyukan da suka fi ƙarfi zuwa ƙarshe. In nasa ya fito na biyu ko na uku cikin jerin, zai karanta ma'anar tun kafin a ƙirga ƙuri'a, kina iya ganin fuskarsa ta canza. Kada ki tambaye shi me ya faru. Ki riƙe hannunsa, ki kalli allo ba wayarki ba. Kada ki damu da ɗaukar bidiyo, ana naɗar komai da kyau fiye da yadda wayarki za ta iya.

Tikitinki yana zuwa da lambar kaɗa ƙuri'a, don masu kallo ne ke zaɓen gwani. Ba wanda zai zarge ki don kin ba mijinki maki mai kyau, amma kada ki zubar wa sauran maki don ki ɗaga shi, kada kuma ki bi mutane kina roƙon ƙuri'a. A harkar ana raina zaɓen suna maimakon aiki, kuma kunyar a kansa za ta sauka.

Ranar Litinin ake sanar da sakamako. Ki sa a ranki cewa wanda ya fara shiga ba kasafai yake hawa matakin uku na farko ba, domin yana karawa da ƙungiyoyin da suka shekara ashirin suna wannan aiki. Akwai ma abin da ya fi faɗuwa ciwo: in ayyuka sun yi yawa akan tace, wani ba a nuna shi a allo sam. Ko wanne ya faru, ki guji "ai wasa ne" da "an zalunce ka". Na farko yana rushe wata biyar ɗinsa, na biyu kuma ya san ba gaskiya ba ne. Abin da ke shiga zuciyar mai irin wannan aiki shi ne shaidar an kalla da gaske. Ki riƙe abu ɗaya takamaimai tun a daren gasa, wurin da launi ya juya daidai da bugun kiɗa, ko inda kika ji zaure ya yi tafi, ki faɗa masa shi. In yana son shiru a jirgin ƙasa, ki bar masa shirunsa. Bayan kwana ɗaya ko biyu aikin zai hau shafukan Pouet da Demozoo, inda 'yan harkar ke tara ayyukansu a intanet, mutane su fara sharhi, wasu da daɗi wasu da kaifi, za ki ga yana leƙawa kowane minti goma. Na 'yan kwanaki ne.

In kin auna kin ga kwana huɗu sun fi ƙarfinki, ba dole sai duka ko babu ba. Ki bar shi ya tafi Juma'a ya yi fama da wa'adinsa, ke ki iso ranar gasarsa da yamma, ku kwana, ku dawo tare bayan sakamako. Ga mai zuwa karon farko wannan ya fi mini ma dacewa, don kin tsallake sa'o'in da ba shi da lokacinki kin kuma samu waɗanda yake buƙatarki. Ki dai duba irin tikitin da ake sayarwa, kada ki isa ƙofa ki tarar babu na kwana ɗaya. In kuwa lafiya ko wani uzuri ya hana, ana watsa taron kai tsaye a intanet. Ki kalla daga gida a kan lokaci, ki aika masa saƙo da zarar an gama nuna nasa, da wannan abu takamaimai da na ce ki riƙe. Zuwa da kai ya fi saƙo, amma saƙon da ya zo a minti na farko ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma taron Evoke da ake yi a Kolon da bazara, ya fi wannan ƙanƙanta, in kina son gwada ruwa a wani karon.

Sai maganar da kika ajiye. Ki ba shi mako ɗaya ko biyu ya rama barci, ya gama karanta sharhin mutane, sannan ki ɗauko ta kafin ya fara sabon aiki, don masu dawowa daga irin wannan taro da zumuɗin na gaba suke dawowa. Kada ki ce ya bari, ba zai bari ba, in ma ya bari zai riƙe ki da shi. Ki faɗi abin da ya same ki a fili: cin abinci da mutumin da hankalinsa ke wani wuri, kwanciya ke kaɗai wata biyar. Sannan ku yanka lokaci da lamba, misali dare biyu a mako nasa ne har ƙarfe sha biyu, sauran na gida ne, makonni biyu na ƙarshe kafin gasa kuma a ɗaga masa ƙafa in ya sanar da ke tun da wuri. Ki nemi ya gaya miki ranar taro na gaba da zarar ya yanke shawarar shiga, ba sai aiki ya yi nisa ba. In ya karɓa kuka gwada wata biyu abin yana tafiya, shi ke nan. In kuwa ya yi alkawari ya karya sau da sau, ko ya mai da kukanki abin dariya, to matsalar ta wuce kwamfuta, lokaci ya yi da za ku sa wani babba da ku duka kuke jin nauyinsa, ko mai ba ma'aurata shawara, ya zauna da ku. Allah ya ba shi sa'a a gasar, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.